Mai Zama a Kujerar Gaba

Rana ta yi ja, sanyin Jos ya fara gangarowa daga kan duwatsu, lokacin da motar Alhaji Datti ta ƙi tashi a karo na biyar. Hajiya Ummusalma tana madafi tana tuƙa tuwo ta ji mijin nata ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake murɗawa. Ko tari motar ba ta yi ba.

Alhaji ɗan kasuwar Katako ne, gidansa a Laranto. Kullum yakan dawo da la'asar ya huta, kafin magariba ya koma ya kulle rumfa. Da safe motar bugu ɗaya take tashi, da rana ma haka. Amma da zarar inuwar katanga ta rufe tsakar gida, sai ta mutu kamar an zare mata rai.

Mai duba ta wani saurayi ne, Jabir, rewaya mai gyaran wutar mota a unguwar Congo-Russia. Yana da na'urar nan da direbobi ke kira kwamfuta, wadda ake jona wa mota a ƙarƙashin sitiyari ta faɗi ciwonta. Sau huɗu yana zuwa. Ya auna batir ya ce cike yake, ya duba kik, ya duba famfon mai, ya bi fis ɗaya bayan ɗaya. Sau ɗaya kawai ya sami fis da matsala, motar ta tashi, washegari ta koma gidan jiya.

Hajiya ta lura da abin da ba a faɗa ba. Duk ranar da Jabir zai zo, 'yarta Balaraba takan dafa shayi da citta ba tare da an sa ta ba, ta ajiye a kan katangar rijiya, ta koma bayan labule. Shi kuma yakan sha a hankali, kamar ba ya son ganin gindin kofin. Abin bai ɓata wa Hajiya rai ba, don yaron yana da kunya. Alhaji ne ya fara zargi. Ya ce shi bai taɓa ganin motar da ba ta lalacewa sai lokacin zance ba, kuma wanda ya san wayar da ke tayar da mota ya san wadda ke kwantar da ita.

A wannan zuwa na biyar Jabir ya daɗe a durƙushe yana kallon fuskar na'urar. Da ya miƙe bai taɓa shayin ba. Ya sami Hajiya a ƙofar madafi ya yi ƙasa da murya, ya ce babu abin da ya lalace. Sai dai kwamfuta tana cewa giyar ba a tsaye take ba, alhali da idonsa ya ga tana tsaye, kamar akwai hannun da ke riƙe ta daga ciki, kuma mota irin wannan ba ta tashi in giya na kan tafiya. Sannan ya ƙara da cewa kujerar gaba, ta mai zaman banza, tana da abin da ke jin nauyin mutum.

"Mama, cewa take akwai mutum a zaune."

Hajiya ta leƙa. Kujerar wayam. Ta dube shi, a karon farko ta ji zuciyarta ta ja baya. Mai neman rufe ƙarya da ƙarya, haka yake magana.

A magaribar nan aka fara jifa. Tsakuwa ɗaya ta faɗo kan kwano, sai wata, sai kamar da tire ake watso su. Alhaji ya zagaya bayan gida da tocila bai ga kowa ba. Washegari a daidai lokacin, odar motar ta yi ƙara sau uku, makulli yana aljihun Alhaji. Rana ta uku aka nemi Balaraba don alwala aka rasa. A cikin motar aka same ta, a kujerar gaba, ta ɗaura bel, hannuwanta a cinya, tana kallon ƙofar gida ba ƙiftawa. Da uwar ta kira sunanta, sai ta juyo a hankali ta ce, da muryar tsohuwa, a tafi mana, ta gaji da jira.

Magana ta fita unguwa. Matan da suka zo jaje ba su ambaci suna ba, amma kowacce sai ta tambaya wa ke shigowa gidan, kuma ko yarinyar ta taɓa karɓar wani abu daga hannun wani. Alhaji ya aika wa Jabir cewa kada ya ƙara tako ƙofarsa. Balaraba da rana lafiya lau take, sai rama. Ta riƙe hannun uwarta ta rantse Jabir ko alawa bai taɓa ba ta ba. Hajiya ta ji tausayinta, amma ta tuna wanda aka yi wa asiri shi ne ƙarshen sani.

Ita ce ta ce a kira Malam Mustapha, dattijon da ke ruƙiya a bayan masallacin unguwa. Ita ce kuma ta dage a kira Jabir. In shi ne, ta ce, gara a kama shi a gaban mutane. In ba shi ba ne, ba za ta ɗauki alhakin ɗan mutane ba.

Suka hallara bayan la'asar sakaliya. Malam ya saurari kowa, har labarin kujera. Ya sa Jabir ya jona na'urarsa ya zauna kusa da ƙofar mota. Aka shimfiɗa wa Balaraba tabarma, Hajiya ta riƙe kafaɗunta. Tsakar gidan ya yi tsit, kaji sun shige akurki tun lokaci bai yi ba. Jabir ya ɗago kai ya ce kujerar ta yi nauyi. Jim kaɗan ya ce nauyin ya tashi. A daidai nan jikin Balaraba ya sandare a hannun uwarta, ya yi sanyi kamar randa.

Malam ya fara karatu, ba da ƙarfi ba. Ya daɗe yana yi kafin muryar tsohuwar ta fito, tana cewa ya isa, yana ƙona ta.

"Wace ce ke, wa ya kawo ki gidan nan?"

Hannun Balaraba ya ɗaga, yatsa ya nuna Jabir.

"Mai akwatin da ke leƙena. Ku tambaye shi abin da ya sa a aljihu ranar Talata."

Alhaji ya yunƙura, Malam ya tsayar da shi da hannu. Ya juya ya ce wa Jabir ya rantse da Allah bai taɓa yi wa motar nan wani abu da gangan ba. Hajiya ta zuba masa ido. Ta ga ya dubi ƙasa.

"Ba zan iya wannan rantsuwar ba, Malam," in ji shi. "Zuwana na biyu ban ga komai ba, na ji kunya, kuma ina son dalilin dawowa. Na zare fis ɗaya na tafi da shi, washegari na mayar na ce na gyara. Na ci amanar Alhaji, ya yafe mini. Amma Balaraba, wallahi ban taɓa kai sunanta wurin kowa ba sai wurin Allah."

Hajiya ta ji kunya ta kama ta a madadinsa. Da ya rantse kawai, wa zai ƙaryata shi, in ba aljana ba?

Malam ya gyaɗa kai. Ya ce haka aljanu suke, sukan ɗora tudun ƙarya a kan ƙwayar gaskiya, kuma wanda ya ji tsoron rantsuwar ƙarya a kan fis ba zai yi ta a kan rai ba. Ya koma karatu, wannan karon da murya sama, yana tofawa a ruwa yana yayyafawa. Tsakuwa ta zubo kan kwano. Odar mota ta ɗauki kuka ta ƙi tsayawa. Muryar ta yi ihu, sannan ta karye ta koma kuka irin na tsohuwar da aka yi wa rashin mutunci.

Ta ce ba Jabir ne ya kawo ta ba. Ta ce a gindin wata bishiyar ƙirya take tun kafin a haifi kakan maigidan, har ranar da shi maigidan ya je daji sayen itace ya sa aka sare ta, ya ɗauko guntun a but ɗin motarsa zai sassaƙa turmi. Da rana tana kwance a cikin itacen, da magariba ta hau mota ta jira a mai da ita. Shi kuwa kullum kasuwa yake nufa, shi ya sa take riƙe giya. Da aka ƙi kula ta, ta shiga yarinyar don ta sami baki.

Alhaji ya dubi guntun itacen da ke jingine a bayan madafi mako uku, ya sunkuyar da kai.

Tsohuwar ta nemi a bar mata yarinyar, Malam ya ce ko farcenta. Ta nemi jinin baƙin akuya, ya ce a gidan Musulmi ba a yanka wa wanin Allah. Abin da zai yi mata ɗaya ne: gobe kafin rana ta faɗi za a mai da itacen gindinsa. Ta fita yanzu, ta yi alkawarin ba ita ba gidan nan. Sai Balaraba ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, ta buɗe ido ta ce, "Mama, ƙishi nake ji."

Malam ya tambayi Jabir me akwatinsa ya ce. Ya duba ya ce kujera babu kowa, giya a tsaye. Alhaji ya shiga ya murɗa makulli. Bugu ɗaya.

Ya bar motar tana aiki ya fito, ana kiran salla a masallacin unguwa. Jabir ya naɗe wayarsa, ya durƙusa ya yi sallama ba tare da ya ɗaga ido ba, ya nufi ƙofa. Hajiya ta dubi mijinta. Shekara ashirin da shida ba ta taɓa roƙonsa da baki a gaban mutane ba, yau ma ba ta yi ba.

"Kai, ɓarawon fis," in ji Alhaji.

Jabir ya tsaya.

"Gobe da hantsi kai za ka tuƙa mu dajin nan. In mun dawo lafiya, ka turo manyanka su zo ta ƙofar zaure. Motata ta gaji da yi maka jakadanci."