Sunan Da Baba Ba Ya Faɗa

Ko sallamar ba ta ƙarasa ba Uwaliya ta yi wurgi da fayil ɗin da ke hannunta, takardu suka watse har gindin turmi. Inna Sa'adiya da ke zaune tana tankaɗe ta saki rariya.

"Ke lafiya? Haka ake shigowa gidan Musulmi?"

"Inna sun koro ni! Wallahi koro ni suka yi!"

Tun sassafe ta bar Getso zuwa Kano, wajen tantance sababbin ɗalibai a makarantar koyon aikin jinya ta wani babban asibiti. Shekara biyu tana bin abin nan. Kiredit biyar suka nema, Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, kuma kada zaman jarrabawa ya wuce biyu. Kemistiri ta kayar da ita a karon farko, ta sake zama ta ci. Ta yi jarrabawar kwamfuta, ta yi intabiyu, sunanta ya fito. Saura kawai a duba takardu.

"Wata nas mai tabarau ce ta buɗe fayil ɗin," in ji ta. "Ta ce, 'Yarinya, mutum biyu nake gani a nan. Sakamako na Rukayya Hammadu ne, takardar indijin kuma ta Uwaliya Hammadu. Wacece ta zo a cikinsu?' Har da tambayata ko sakamakon yayata na aro! A gaban mutane, Inna! Ni da na bi ta kan littafin Kemistiri har bangonsa ya cire!"

Inna ta gane inda matsalar take. Rukayya shi ne sunan yanka, amma sunan mahaifiyar babanta Malam Hammadu ne, wadda ta rasu tun kafin a haifi yarinyar. Mutanen gidan asalinsu makiyaya ne, kunya a jininsu take. Babu mai kama wannan suna. Kowa Uwaliya yake cewa, shi kuwa Baba sai dai ya ce "Uwata". A makaranta kaɗai ake kiran na gaskiyar, don kawunta ne ya kai ta aji ɗaya ya rubuta shi.

"To yanzu me suka ce a yi?"

"Zuwa Alhamis da azahar. Ko in kawo sabuwar takarda, wadda ta farkon ma sai da ta ci mako uku, ko kuma Baba da kansa ya je kotu ya rantse, ya faɗi sunan da bakinsa. In ba haka ba su ba wata gurbina."

Inna ta dafe ƙirji. "Ya faɗi me? Ahir ɗinki! Kada ki kuskura ki tunkari mahaifinki da wannan magana. Shekara goma sha tara bai faɗa a ɗakinsa ba, sai a gaban 'yan kotu?"

Uwaliya ta sani. Shi ya sa fushinta ya bar kan Baba ya nufi inda yake da wajen sauka.

Muhsin.

Malamin firamare ne a Dugabau, gidansu kuma a Masanawa ta ƙasar Kabo. Shekara guda ke nan da kawo kayan na-gani-ina-so. Shi ya ɗauki Baba a babur zuwa sakatariya ranar neman takardar indijin ɗin, shi ya karɓo ta a cikin ambulan ya miƙa mata yau a tashar Gwarzo mota na shirin tashi. Baba bai iya boko ba. To wa zai cike fom in ba Muhsin ba? Ga kuma mahaifiyarsa Hajiya Bushira da ta sha faɗa a gidan biki da gidan suna cewa ita ba za a kawo mata suruka mai wanke gyambon maza ba.

La'asar sakaliya sai ga ƙarar babur ɗinsa. Ta zari hijabi ta fita zaure kamar an harbo ta.

"Nas ɗinmu! Yaya aka ƙare da sikirinin ɗin?"

"Malam Muhsin, ka ji tsoron Allah."

Murmushinsa ya ɗauke. Ba ta taɓa ce masa Malam ba, Yaya take cewa.

Ta manna masa takardar a ƙirji. "Karanta! Ai kai malami ne. Katin jarrabawata nawa ka gani? Wane suna ne a jiki? Da ka fito fili ka ce Hajiya ta hana, da na san da wa nake. Amma ka yi ta kawo mini tsofaffin tambayoyin jarrabawa kana cewa in dage, ashe rami kake haƙa mini!"

Ya karanta. Ya sake karantawa. Ta ga ya ɗaga kai ya dubi ƙofar cikin gida, inda ake jiyo Baba yana zuba wa shanu harawa, bakinsa ya buɗe, sai kuma ya rufe.

"Yi magana mana!"

"Laifina ne," ya ce a hankali. "Da na buɗe ambulan ɗin na duba."

"Iyakar abin da za ka ce ke nan? Ko musu ba za ka yi ba?" Hawaye suka ɓalle mata. Ta ciro wayar da ya saya mata ta dangwarar a kan sirdin babur. "Ga tsiyarka nan. Ka je ka ce wa Hajiya buƙata ta biya. Ni kuwa ko zan tsufa a ɗakin Inna ba zan auri wanda ya yanka ni ta baya ba!"

"Uwaliya, ki yi haƙuri ki..."

"Kada ka ƙara kiran sunana! Ai ka riga ka rubuta shi inda ya kashe ni!"

Washegari Talata da hantsi Hajiya Bushira ta yi sallama, da ledar goro a hannu. Wai jaje ta zo. Amma jajen da ake yi haƙora a waje ai sunansa daban.

"Sa'adiya, wani hanin ga Allah baiwa ne. Yarinya ta je ta zauna a hostal shekara uku, tana kwana a asibiti, tana ɗaukar fo na ƙattai? Haba! Yanzu sai a tsayar da rana bayan an cire amfanin gona, kowa ya huta."

Uwaliya na durƙushe a gefe, sai ta ɗago kai. Inna ta harare ta, amma magana ta riga ta kai baki.

"Hajiya, ki gafarce ni. Ranar da 'yarki Anti Kamila ta yi doguwar naƙuda, wa kika riƙe wa hannu kina cewa 'yata ki taimaka? Ba nas ba ce? Ita ba 'yar wasu ba ce?"

"Iye! Ka ji mini fitsararriya! Tun ba a sa farin kayan ba?"

"Ai an hana ni sawa. Ɗanki ya yi miki aikin da kika sa shi!"

"Wane aiki? Wannan shashashan da ya ƙi cin tuwo tun jiya, yana ce mini in ba ke ba sai rijiya? Ni na ga ta kaina!" Ta yafa gyale ta fice, ko goron ba ta bari ba.

Babu wanda ya lura cewa tun ɗazu motsin da Baba ke yi a turken shanu ya tsaya.

Laraba da safe, Uwaliya na wanke-wanke ido a kumbure, Baba ya fito sanye da farar rigarsa ta Juma'a.

"Uwata, ɗauko takardunki."

A ƙofar gida ta tarar da Muhsin a kan babur, kansa a ƙasa. Ta ja ta tsaya.

"Baba, ni ba zan bi wannan..."

"Ni na aika masa. Ke kuma saurara." Ya gyara tsayuwa, bai dube ta ba. "Ranar da muka je sakatariya yaron nan bai shiga ba. Ya ga benci ɗaya ne, ya ji nauyin ya zauna kafaɗa da kafaɗa da ni, ya tsaya wajen babur. Akawu ne ya tambaye ni sunan yarinya. Na buɗe baki, harshena ya ƙi. Sai na ba shi wanda ya sauƙaƙa. Ban san takarda tana da wannan rigima ba."

Uwaliya ta juya. Ta dubi Muhsin. Shi kuwa ƙasa yake ta kallo kamar ya yar da allura.

Baba ya hau bayan Muhsin, ita ta bi su a ɗan acaɓa har kotu a Gwarzo. Ma'aikacin rantsuwa, wani dattijo mai furfura a gemu, ya ji bayani, ya sa Baba ya yi alwala, ya ɗauki biro.

"To Malam, faɗi sunan yanka na 'yarka."

"Sunan mahaifiyata ne."

"Allah ya ji ƙanta. Amma takarda ba ta san mahaifiyarka ba, sai ka faɗa na rubuta."

Gumi ya tsattsafo a goshin Baba. Leɓensa na motsi, babu abin da ke fita. Mutanen da ke jiran layi suka fara leƙe. Uwaliya ta ga mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai yau suna ɗaya ya gagare shi, sai duk makarantar ta fita daga ranta.

"Baba bari! Na haƙura, wallahi na haƙura. Mu tafi gida."

Ya ɗaga mata hannu.

"A amalanke muka ɗauko mahaifiyata daga ruga," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Ba mu kai asibiti ba ta cika. Duk cikinmu babu wanda ya san abin da zai yi mata, sai fifita. In dai wannan suna zai shiga asibiti ya tsaya a kan iyayen wasu, to ba rashin kunya na yi ba." Ya share fuska da hannun riga. "Rubuta. Sunanta Rukayya. Rukayya Hammadu. Ita ce Uwaliya, mutum ɗaya ce, 'yata ce."

Dattijon ya buga hatimi. Uwaliya ta durƙushe a wajen tana kuka kamar ƙaramar yarinya.

Da suka fito Baba ya yi gaba da gangan, wai zai duba wani mai sayar da dusa. Ta tsaya a gefen babur tana murza bakin hijabi.

"Yaya... don me ba ka faɗa mini ba?"

"Au, yau na koma Yaya? An sauke ni daga Malam?"

"Don Allah ka bari."

"In ce miki me? In tsaya a zauren Baba in ce shi ya ɓata miki takarda, yana jiyo ni? Gara ki zage ni shekara guda." Ya zaro wayar daga aljihu. "Ungo tsiyata. Ta dame ni da ƙara."

Ta yi dariya cikin hawaye. "Ka yafe mini."

"Sai kin ci jarrabawa tukuna."

Alhamis tun kafin sha ɗaya tana gaban nas mai tabarau. Matar ta karanta takardar kotu, ta dube ta ta saman gilashi, ta ce, "To, yanzu kin zama mutum ɗaya. Wuce ki karɓi ɗaki."

Ashe shiga ita ce mai sauƙin. Su shida a ɗaki, layin ruwa tun asuba, bakwai daidai a aji. Metiron, shugabar nas-nas, na bi tana duba farce da takalmi, in ta ga kusurwar zanen gado ba ta tsaya cak ba sai ta yaye a sake. Watanni shidan farko gwaji ne, a ƙarshensu akwai jarrabawar da ke tankaɗe ɗalibai kamar rariyar Inna, biyu daga ɗakinsu ma da kuka suka haɗa kaya. Sunayen ƙasusuwa kaɗai sun isa su sa mutum zazzaɓi. Ranar da aka fara kai su ɗakin marasa lafiya ta ga ana wanke ƙuna, sai da ta riƙe ƙarfen gado. Duk sanda ta ji za ta karaya sai ta tuna gumin Baba a kotu, ta buɗe littafi.

Muhsin kuwa nasa gwajin a gida yake. Hajiya ta nuna masa 'yan mata har uku. Bai ɗaga mata murya ba ko sau ɗaya, sai dai ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ki ƙara mini haƙuri." Ita kuma Uwaliya hutun farko da ta samu ta je har Masanawa ta durƙusa ta nemi gafarar maganar da ta yaɓa mata. Hajiya ta kau da kai ta ce Allah ya yafe mu gaba ɗaya.

Ranar bikin ɗora wa waɗanda suka tsallake hular nas a kan hijabi, aka kira a lasifika, "Rukayya Hammadu Getso!" Baba ya sunkuyar da kai, amma kowa ya ga yana murmushi. Ana tashi sai ga Hajiya Bushira ta kutso cikin taro, Muhsin na biye da ita da kular abinci.

"Ni fa ban ce na yarda ba," in ji ta. "Rakiya na yi. Amma tunda na zo, ɗan auna mini jinin nan, kwana biyu kaina na sarawa." Ta miƙa hannu. Uwaliya na ɗaura mata abin awo ta ji ta ce ƙasa-ƙasa, "In kin gama shekarun naki ɗakin na nan. Wannan mai taurin kan ba zai auri kowa ba."

Haka kuwa aka yi. Wata biyu bayan ta karɓi shaidar kammalawa aka ɗaura aure.

'Yan mata, ku ɗauki darasi. Fushi makaho ne, wanda ya fi kusa da shi yake fara duka, sau da yawa kuma mai rufa maka asiri ne. Kafin ki yanke wa masoyi hukunci ki bincika, don zato zunubi ne. Wanda ya ɗauki zagi don ya kare mutuncin mahaifinki, shi zai kare naki. Ku kuma iyaye, kunya ado ce kuma tana cikin imani, amma takarda ba ta san alkunya ba. Ranar rubuta sunan ɗa a daure a faɗe shi yadda aka raɗa. Allah ya ba mu haƙurin da za mu ga ƙarshensa, amin.