Buhu Arba'in a Mafitar Madatsa

Ruwan da aka tafka a Jidda tun hantsi bai gama ɗaukewa ba wayar Sufeto Abdulghaffar ta yi ƙara. An tsinci gawa a wani kwari gabas da gari. Madatsar ƙasa ce ta wata gonar kiwo ta ɓalle.

Kafin la'asar yana wurin. Mamacin Ya'u ne, makiyayin tumakin gonar. Ruwa ya ja shi ya maƙala shi a gindin wata ƙaya. Can sama ga madatsar, tulin ƙasa mai tsayin mutum uku da aka tare kwarin da shi, tsakiyarta a yage.

Mai gonar, Hatim, na tsaye da farar jallabiya wadda taɓo bai taɓa ba.

"Kwana uku ina ofishina a Bagdadiyya, can cikin gari, ya Sufeto," in ji shi. "Jabiru za ka tambaya, leburana. Shi ke da lambun kuɓewa a bakin ruwan. Kullum ƙorafinsa ruwa ya yi kaɗan."

Wata mota ta tsaya. Injiniya Nuha ce, daga ofishin da ke duba irin waɗannan madatsun. Ko kallon yagewar ba ta yi ba, ta nufi gefen hagu kai tsaye, Sufeto na biye da ita.

"Ka ga nan? Mafita ce. In ruwa ya cika, ta nan rarar ke zubewa, don kada ya haura saman ƙasar ya cinye ta. Wata biyu da suka wuce na zo na same ta a buɗe, na rubuta kada a taɓa ta, mai gonar ya sa hannu."

Yanzu a toshe take. Buhunan sha'ir ne cike da yashi, an jera su har ƙugu. Sufeto ya ƙirga, arba'in cif. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon igiyar da ke bakin kowanne.

A ɗakin kwano ya sami Jabiru, dattijo mai furfura. Da Sufeto ya yi masa sallama da Hausa sai ya ɗago a firgice.

"Kada ka yi mamaki, Baba, kakana daga Katsina ya zo hajji da ƙafa. Ina iƙamarka, takardar izinin zama?"

"Babu, Yallaɓai. Umra na zo, shekara tara ke nan."

"Wa ya toshe mafitar?"

"Ban ma san an toshe ba."

"Lambunka taku goma ne daga wurin, ka ce ba ka sani ba?"

Jabiru ya sunkuyar da kai. Sufeto ya san abin da ke gaban dattijon: idan maganar Hatim ta tsaya, ba mayar da shi gida kawai za a yi ba, ran mutum za a ɗora masa. Ya waiwaya. A kusurwa akwai buhunan dusa, kowanne an ɗinke bakinsa tsaf, ga basilla soke a jikin na sama.

"Aikinka ne wannan?"

"Nawa ne. Shekara biyar ina ɗinkin buhu a kasuwar Bab Makka. Hannuna bai iya barin buhu da igiya ba."

Da Sufeto ya fito sai ya ratsa ta garken raƙuma. Uku na durƙushe, an yi musu dabaibayi a gwiwa. Ya kama jelar igiyar ɗaya ya ja. Ja ɗaya, ƙullin ya warware.

"Wa ke kula da waɗannan?" ya ɗaga murya.

"Mai gida da kansa," in ji Jabiru daga ƙofa. "Ni tsoronsu nake, sun taɓa cizona."

Sufeto ya koma wurin motarsa, ya tsinci buhun wofi, ya zuba guntayen igiya da ƙasar da ya ɗiba a ciki. Ya yafito Hatim, yana riƙe da waya a kunne kamar mai magana da ofis.

"Taimaka mini, ya Sheikh Hatim, ɗaure min bakin nan. Yalla, yi sauri, magariba na tafe."

Hatim ya karɓi buhun da igiya ba tare da tunani ba. Yatsunsa suka zagaya sau biyu, suka soke, suka bar jela. Sufeto ya ajiye wayar, ya ɗauki buhun, ya kai shi mafitar, Hatim da Jabiru na biye da shi, ya jingina da sauran arba'in ɗin.

"Zo ka nuna min naka a ciki."

Hatim ya dubi ƙullinsa, ya dubi na sauran, duk iri ɗaya ne.

"Ƙullin dabaibayin raƙumi ne," in ji Sufeto. "Jabiru ɗinki yake yi, kuma ba ya kusantar raƙumanka. Baba, yanzu za ka yi magana?"

"Ranar Alhamis ne," in ji Jabiru. "Da saƙon gargaɗin ruwa ya shigo waya, ya ce mu toshe. Ya'u ya ce ba da shi ba, hanyar tumaki na ƙasan madatsar. Ni ma na ƙi. Sai ya tuɓe jallabiya ya yi da kansa. Ya ce in na buɗe baki, gobe ina motar masu korar baƙi."

Hatim ya zauna a kan buhunan, taɓo ya ɓata farar rigar.

"Wata goma babu ruwa, ya Sufeto. Na gaji da jiran tankar ruwa. Na ce bana ɗigo ɗaya ba zai wuce ni ba. Amma wallahi shi ya sa na yi wannan ƙullin! Ja ɗaya ne, yashin ya zube. Na ce in ruwa ya yi yawa zan zo in kwance."

"To da ya yi yawa, kana ina?"

"Bagdadiyya. Hanya ta cika, na kasa fitowa."

"Ka kira Ya'u ka ce ya fita daga kwarin?"

Hatim ya kawar da kai, ya dubi ƙasan kwarin.

"Halas, magana ta ƙare. Miƙo hannunka."

Ankwa ta rufe. 'Yan sanda biyu suka taka da shi zuwa mota. Injiniya Nuha ta riga ta tayar da tata. Akwai wasu madatsu shida a saman kwarin, kuma hadari na sake haɗuwa.

"Yallaɓai, ni fa?" in ji Jabiru.

"Kai shaida ne, Baba. Maganar iƙama tana nan, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma jinin Ya'u ba ya kanka."

Jabiru ya share ido da bakin rigarsa. Ya dubi buhunan arba'in, jelar kowace igiya na lilo a iska.

"To a bar ni in yi masa wanka," ya ce. "Ba shi da kowa a nan sai ni."