Maɓallin Gaba a Kan Mayo

Ni dai an zalunce ni, wannan ku fara sani. Duk Garuwa babu mai murya irin tawa, amma Madam Colette, shugabar cibiyarmu, ta ce in je in goge ta.

Aikina haɗa darussa ne a kwamfuta. Na haɗa wa 'yan moto, wato masu acaɓa, jarrabawar kiyaye hanya, da Hausa, da murya, don yawancinsu ba sa karatu. Idan mutum ya amsa daidai, sai muryata ta ce, "Madalla, ɗan gari!" Idan ya kuskure, sai in kece da dariya in ce, "Haba gwani, koma baya!" Maɓallin gaba kuwa na kulle shi. Ba ka wucewa sai ka ci.

"Tonton, ba'arka ta ishe su," in ji ta. Tonton suke kirana, wato Kawu. "Gyara kafin gobe. Ka cire sunan Blaise kuma."

Blaise ɗan moto ne daga garin Mokolo, shi ya fi kowa dariyar muryata. Makon jiya 'yarsa ta kwanta da zazzaɓi, ya goya ta a moto zai kai ta asibiti. Mayon hanyarsu, wato rafin, ya cika. Ya shiga. Washegari aka tsamo gawarsu, su biyun.

Bayan magariba na buɗe ɗakin horo. Ban kunna fitila ba, hasken allona ya ishe ni. Na buɗe manhajar, na shiga akwatin da ake rubuta martanin amsa. Ina gogewa ina mita.

Sai na ji wari. Laka da fetur.

Daga ƙarshen ɗaki, kwamfutar da ke jikin taga ta haska. Linzamin kwamfutar ya yi ƙas.

"Haba gwani, koma baya!"

Muryata ce. Dariyata ce. Ban taɓa jin muninta ba sai ranar.

Na leƙa allona, inda ake ganin wanda ke jarrabawa. Suna ɗaya. Blaise. Tambayar na san ta, ni na rubuta: mayo ya cika, fasinja na sauri, me za ka yi? Amsar ita ce ka jira.

Ƙas. Ya zaɓi hayewa.

"Haba gwani, koma baya!"

Ruwa na ɗiga daga kujerar. Ɗis. Ɗis. Akwai mutum zaune, ya ba ni baya, zani ɗaure a ƙirjinsa irin na goyo. Babu kowa a cikin zanin.

"Tonton," ya ce, a hankali. "Ba ya barina in wuce."

Na ce, "Ka zaɓi jira mana, ɗana."

"Jikinta zafi. Ba ta amsa ni. Ina zan jira?"

Sanyi ya taɓa ƙafata. Na duba. Ruwa ne, ja, mai laka, ya rufe takalmina. Ƙofa na bayansa.

Ƙas. Dariyata kuma.

Ruwan ya kai gwiwa.

Na cire makullin maɓallin. Ya yi kore a allonsa.

"Ga shi na buɗe. Danna."

Bai danna ba. Kujerar ta juya. Ban ɗaga kai ba, wallahi har yau ban san fuskar da ke wurin ba. Wani hannu mai sanyi ya kama wuyan hannuna.

"Na tura ta wajen gaɓa," ya ce. "Ta haye?"

Na je jana'izar. Na ga ƙaramin akwatin gawar kusa da babban.

Ruwan ya kai ƙugu. Yana ja.

Na jawo makirufo da ɗaya hannun, na danna ɗauka. Na gyara murya, ta fito ba dariya.

"Ta haye, Blaise. Tana gaba tana jiranka. Wuce."

Na saka ta a gurbin amsar kuskure. Ya sake ni. Ƙas. Muryar ta fito daga ƙarshen ɗaki, ta faɗa masa. Na ji ya ja numfashi mai tsawo, irin na wanda ya sauke kaya.

Ƙas.

Allon ya mutu. Na ruga, na yi karo da ƙofa, na faɗi a kan titi. Wani mai moto ya ɗaga ni yana tambaya ko daga kogin Binuwai na fito. Wandona na zubar da laka.

Da safe ɗakin a bushe yake. Malum, limamin unguwarmu, ya ce matattu ba sa dawowa, aljanin mayo ne ya ari muryar yaron. Ban yi musu ba. Ya ce in yi istigfari kan ƙaryar da na yi. Na ce to.

Yanzu wanda ya kuskure a jarrabawata, sai in yi masa bayani a hankali, in bar shi ya wuce. Madam Colette na yabon kanta, wai ita ta gyara ni. Ku ji zalunci.

Istigfarin kuwa na zauna zan yi sau da yawa. Na tuba daga ƙaryata ta kasuwa da ta gida, ɗaya bayan ɗaya. Idan na iso kan wannan, sai bakina ya ƙi.