Tabon Inna Mairo

"Cire shi, Hasana. Don girman Allah ki cire shi!"

Hasana na tsaye bisa kujera tana gyara zaman hotuna a bangon ɗakin baje koli. Ta juyo ta dubi Sharhabil, mutumin da akwatunan lefensa ke jere a ɗakin mahaifiyarta a Unguwar Shanu.

"In cire wa? Inna Mairo?"

"Hoton ya kai wayar Abba... Ummi ce ta ɗauka ta tura wa dangi kaf."

Ummi 'yar baffansa ce, wadda tun da aka sa rana take yi wa Hasana murmushin da bai kai ciki ba. Jiya ta zo wai taya aiki, ashe aikin nata daban ne.

Hasana mai ɗaukar hoto ce. Ta daɗe tana bin tsofaffin mata lungu-lungu, daga Mando har Hayin Banki, matan da suka yi abin a faɗa amma aka ƙi faɗa. A haka ta gano cewa Inna Mairo, kakar Sharhabil, tun tana budurwa ta shiga cikin matan da ke waƙa a taron siyasa suna neman a bar mata su jefa ƙuri'a. Aka kama su, aka zane su a bainar jama'a. A zamanin, macen da aka gani a taron siyasa suna ɗaya ake kiranta da shi, kuma ba mai daɗin ji ba ne, don haka gidan suka binne zancen.

Ranar da aka ɗauki hoton, tsohuwar ce ta zame mayafi da hannunta, ta juyo kafaɗar da bulala ta bar wa tabo.

"Ɗauki nan, 'yar nan," in ji ta. "Fuskata kowa ya gani. Ki rataye shi inda maza za su tsaya su kalla."

Sharhabil ne ma ke riƙe da fitilar hoton a ranar. Har ƙwalla ya share.

"Kana wurin fa, masoyi," Hasana ta ce tana saukowa daga kujerar. "Da kunnenka ka ji."

"Na ji, rabin raina... Amma Abba ya ce ki zo yanzu, ke da hoton."

Suka tarar falon gidan su Sharhabil a Hayin Banki ya cika da baffanni da gwaggonni. Alhaji Haruna, mahaifin Sharhabil, bai ko amsa gaisuwarta ba.

"Uwata! Uwar da ta haife ni za ki tuɓe wa mayafi ki kafa a bango, gari ya zo kallo?"

"Abba, wallahi ita ce ta ce..."

"To ai ga ta nan. Inna, ke kika sa ta?"

Sanyi ya ratsa zuciyar Hasana, don ta ɗauka magana ta ƙare. Abin da ta manta, baiwar Allah, shi ne Alhaji ɗan fari ne. Tunda Inna ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, ko abinci ba ta ci a gabansa. Matar da ta tsaya ƙyam a gaban masu bulala, ina za ta iya buɗe baki ta ce wa wannan ɗa ita ta buɗe kafaɗarta?

Inna ta ƙara jan mayafi har goshi.

"Tsufa ne... Ban san sa'ad da mayafin ya zame ba."

Alhaji ya juya kan ɗansa.

"Kai, an ce da kai aka je. Me ka ji?"

Hasana ta zuba wa Sharhabil ido, duk jikinta na roƙonsa.

Sharhabil ya ƙura wa darduma ido. "Ina can wajen fitila, Abba... Ban ji sosai ba."

Shi ke nan. Hasana ta dubi Inna, ta san in ta ƙara kalma ɗaya ta ƙaryata tsohuwa a gaban 'ya'yanta. Sai ta durƙusa.

"Laifina ne, Abba. A yafe mini."

Ummi ta yi wuf ta ɗauke hoton, ta cusa shi bayan kujera, fuskarsa na kallon bango.

A ƙofar gida Sharhabil ya cim mata, har da ajiyar zuciya.

"Alhamdulillahi, zinariyata! Kin kyauta. Abba ya huce, biki na nan."

"Inna tana da uzuri," ta ce a hankali. "Kunyar ɗanta take ji. Kai fa?"

"Mahaifina ne, Hasana... Me kike so in yi?"

"Ka ce ka ji. Shi kaɗai."

"Bayan biki zan zaunar da shi, na yi alkawari. Haba 'yar lelena, kan hoto ɗaya?"

Tana sonsa, wannan ba ƙarya ba ne. Tana sonsa har ƙirjinta na zafi, shi ya sa hawayen suka ƙi tsayawa.

"Wata rana ni ma zan nemi shaida a falon nan, Sharhabil. Na riga na ga inda za ka kalla."

Ta tare keke napep ta shiga, ba ta waiwayo ba.

"Hasana! Hasanaaa!"

Kiran ya karaɗe layin, har mai shago ya leƙo, mata suka ɗaga labule. Ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka.

Ashe yana da murya.