Hankicin Malam Abdussamadu

Ranar Talata, cikin damina ta biyu bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi, Malam Abdussamadu ya share zufa da ƙunzugun mata a gaban malamai goma sha ɗaya.

Sabo ne dal, ba a taɓa amfani da shi ba. Wannan bai rage komai daga dariyar ba.

Ya makara ne da safe, ya fizgo wani farin ƙyalle mai bakin shuɗi daga igiyar shanya, ya cusa a aljihu. Yana tsakar jawabi a taron malamai zafi ya dame shi, ya zaro. Ba wanda ya lura sai Malama Baiwa, wadda ta taɓa yi masa aiken fura wata uku kafin ya auri wata. Matarsa ta taɓa nuna mata irinsa da ta je roƙon ragowar yadi.

"Malam... wanga hankici, ka san aikin da shika yi kuwa?"

Ta faɗa wa ta kusa da ita a kunne, da muryar da ta isa har bakin ƙofa.

Kafin azahar ɗalibai sun raɗa masa suna da ƙyallen.

Ya iske matarsa Adawiyya a kan keken ɗinki, ƙafarta na tafiya, tana 'yar waƙa. Ya jefa mata ƙyallen a cinya.

"Mi na na wanga?"

Ta ɗaga, ta dube shi, ta dubi aljihunsa. Sai idonta ya yi haske.

"Malam! Da shi ka tahi makaranta? Ba ka gane ba? Wallahi ba ka gane ba?"

Murna take yi. Abin da ya kasa yafe mata ke nan a ranar.

Shekara guda kafin nan ta je Zauro sayen shinkafa, ta ga wata yarinya tana tafiya a tattale kamar mai ƙaya a jiki. Da ta matsa da tambaya, uwar yarinyar ta ja ta ɗaki ta ɗaga tabarma. Tsummokaran buhu ne a ƙasa, da danshinsu, sun yi baƙi. Nan suke shanya su, don ba macen da za ta rataya abin al'adarta a rana maza na wucewa. Adawiyya ta dawo gida ba ta ci tuwo ba. Tun daga nan ta shiga tattara ragowar yadi mai laushi, tana neman ɗinkin da in an ninka shi uku zai yi aikinsa, in an warware aka shanya kuma kowa ya ɗauka hankici ne.

Sau nawa ta tsaya a bayansa yana karatu.

"Malam, duba mani mana... in ka gan shi bisa igiya, za ka gane?"

"'Yar Argungu, ina karatu."

"Kallo ɗaya fa, hasken idona."

"Wannan sha'anin mata ne."

Mutumin da ya haddace babin haila a littafi uku na fiƙihu, yana iya kawo saɓanin malamai a kan kwanakinta, amma bai iya ɗaga kai ya dubi ƙyalle ba.

Yanzu ga shi tsaye a kanta.

"Kin maishe ni abin dariya a garin nan!"

"Don Allah ka yi haƙuri. Amma Malam, ka duba abin da wanga ke nuhi... matan nan za su iya shanyawa cikin rana!"

"Mutuncina nike maki magana, kina yi mani maganar shanya?"

Da la'asar yayarsa Hodi ta iso, ko mayafi ba ta cire ba.

"Gidanmu gidan malamai na, Abdu. Tun kakanni ba a taɓa jin sunanmu da ƙazanta ba, sai da ka kwaso ɗiyar masunta. Har kasuwa Baiwa ta tare ni tana yi mani jaje!"

Adawiyya ta ce a hankali, "Yaya, ke ma mace ta."

"Ji rashin kunya!"

Shi ne ya ɗauki keken da hannunsa ya kai ɗakin ajiya, ya sa kwaɗo. Keken da ya saya mata da kansa ranar tarewarta, ya ce ƙararsa ta fi masa rediyo daɗi.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Mata arba'in ke jirana Zauro ran Juma'a."

"Su jira."

Washegari ta tafi gidansu Argungu, da ƙullin ƙyallayenta a ka.

Ya ce kwana uku za ta yi.

Ta yi sati biyar.

Labari na zuwa masa ba tare da ya nema ba: tana ɗinki da hannu, allura ta huda mata yatsu, ran kasuwa tana shiga mota ta kai Zauro. Sau ɗaya ta aiko da wasiƙa, layi biyu. "Malam, ina kewarka har abinci ba ya shiga. In ka zo biko, ka zo da kekena."

Ya karanta, ya gyara mata kuskuren rubutu guda a ransa, ya sa takardar cikin ƙamus.

Baiwa ta sake fara aiken fura. Ya riƙa zuba wa kaji.

Abin da ya karya shi ba wa'azi ba ne. Wata Asabar ya bi ta Zauro a kan babur, ya ga igiyoyi a bayan bukkoki, fararen ƙyallaye masu bakin shuɗi suna kaɗawa cikin rana tsaka. Maza na wucewa da fartanya, ba mai ɗaga kai. Wani tsoho ma ya kauce wa ɗaya da ya taɓa masa hula, ya ce, "Matan ga sun yi arzikin hankici bana."

Abdussamadu ya tsayar da babur ya daɗe a wurin.

Ya ce sai Juma'a zai je biko, in an tashi makaranta. Malami ba ya barin aji.

Ran Juma'a ya ɗaura keken a saman mota, ya zauna gaba, yana ta shirya magana tun daga Birnin Kebbi, yana sauya kalma, yana mayar da ita. Da suka shiga unguwarsu a Argungu ya hango tabarmi a ƙofar gida, da maza zaune sun sunkuyar da kai.

Amai da gudawa. Kwana biyu kacal. An kai Adawiyya makwancinta tun hantsi. Ɗan aiken da aka tura masa sun yi saɓani a hanya.

Direba ya tambaya, "Malam, a sauke keken?"

Ran addu'ar uku matan Zauro suka zo, mota guda. Wata tsohuwa, Laure, ta matso inda yake, ta durƙusa.

"Kai ne Malam ɗinta? Kullum sai ta ce kai ka fara gwada shi. Ta ce tunda mai ilimi irinka bai gane ba, mu shanya abinmu ba tsoro. Allah shi saka maka."

Ya ce amin.

Bai sake aure ba. Hodi ta yi magana har ta gaji, Baiwa ta auri wani ma'aikaci daga Sakkwato. Keken yana ɗakin karatunsa, tsakanin littattafan da ya daina buɗewa, kuma har yau tsofaffin ɗalibansa in sun haɗu suna kiransa da sunan nan. Ya daina jin zafinsa. Shi kaɗai ne abin da ya rage a garin da ke haɗa sunansa da nata.

Maganar da ya shirya a mota doguwa ce, da ayoyi da ban haƙuri. Duk ya manta ta. Abin da ya rage masa amsar tambayar da ta yi shekara tana yi a bayansa, wadda kallo ɗaya ya isa ya ba ta:

"Ya yi, 'yar Argungu. Ba a ganewa."