Naman Layyar Imrana

Duk wanda ya zauna unguwar New Bell ya san Imrana ɗan Hajiya Bilki, yaron da jam'i ba ya wuce shi. Bensikin yake ja, wato babur ɗin haya. Abokansa su Saminu kuwa, kwatsam sai ga su da motoci, ba aiki ba sana'a. In ya tashi alwala a majalisa sai su bushe da dariya: "Liman, a roƙo mana sabuwar taya." Wallahi dariyar nan ce ta ci shi, ba talauci ba. Ya fara da jinkirta la'asar don kada a yi masa tsiya, ya ƙare da cewa su kai shi inda suke zuwa.

Suka kai shi bayan unguwar PK 14, can wajen gari, wata bukkar boka cikin gonar rogo. Ƙahonin raguna rataye a jinka, ƙwarya cike da daskararren jini ƙudaje sun rufe ta, wari kamar mayankar da ba a wankewa. Bokan ko kallonsa bai yi ba.

Sai cewa ya yi, "Ragon layyarka nake so."

"In kawo shi nan?"

"A gidanku za ka yanka. Ka ba alƙibla baya, kada ka ambaci Allah. Ka raba naman yadda kuka saba."

"Mutane fa za su ci."

Saminu ya dafa kafaɗarsa. "Mon frère, ɗan'uwana, nama ai nama ne."

Tir, haka ya yi. Hantar kuwa uwarsa aka fara gasa wa, ta ci tana sa masa albarka.

Arziki ya zo: shago a unguwar Yassa, mota, abokai suka daina dariya. Sai cikin Hajiya ya kumbura, naman jikinta ya riƙa ruɓewa tana raye. Ƙanwarsa Kausar ta zare, tana bin teburan mahauta tana lasar jini. Ranar jana'izar uwar, Imrana ya ɗaga hannu zai yi kabbara, harshensa ya ƙi.

Ya je wa Saminu yana kuka. "Ku ma na aika muku cinya. Me ya sa ba abin da ya same ku?"

Saminu bai ɗago daga wayarsa ba. "Wa ya ce maka mun ci? A kwata muka zubar."

Samari, ku ji da kyau. Wanda kwaɗayi da kunyar abokai suka sa ya bar sallarsa, ya sani su ba za su ci naman ba. Uwarsa ce za ta ci.