Shaidar Baba Illi

"Miƙo hannunka."

"Tata..."

"Na ce miƙo hannunka, Rhissa! Komiser yana kallonmu."

Ya miƙa. Ta kama babban yatsansa, ta danna a tawada, ta mirgina shi kan farar takarda. Zanen ya dagule, sai da ta sake.

Saura kwana ashirin a ɗaura musu aure.

"Wallahi, hasken idona, ban ɗauka ba."

Ba ta ɗago ba. Hawaye ɗaya ya ɗiga a gefen takardar, ta yi wuf ta shafe da hannun riga.

Bari in koma baya kaɗan, don waɗanda ba ƴan Arlit ba ne. Shekarar tawaye ce, ga fari, ga kamfanoni na ta sallamar ma'aikata tun da uraniyum ya daina tsada. Tata ƴar Inna Mero ce, maƙwabciyata, katanga ɗaya ta raba mu, kuma katangar ba ta da kauri. Ta yi karatu a Yamai, ta koyo aikin ɗaukar zanen yatsu, aka turo ta komisariya da akwati ɗaya: baƙar hoda, buroshi mai laushi, da gilashin ƙara girma. Wani ɗaki da a da ake ajiye tsofaffin tayoyi, shi suke kira labo, wato ɗakin bincike.

Rhissa kuwa shofer ne, wato direba, a wani ƙaramin kamfani mai yi wa kamfanonin ma'adinai dakon kaya. Ranar Litinin da azahar wayar oba-oba ta ɓace daga biro, wato ofishin shugaban kamfanin. Da la'asar aka same ta ƙarƙashin kujerar kamiyon Rhissa, babbar motar da yake tuƙawa.

A wancan zamani, a kama Ba'abzine da oba-oba? Ba a cewa ɓarawo. Cewa ake yi ɗan tawaye.

"Ranar Alhamis da hantsi ayarin soja zai tashi zuwa Agadas," in ji Komiser Zayyadu, mutumin Damagaram, wata uku da zuwansa garin. "Da shi za su tafi."

"Ranka ya daɗe, ka bar ni in duba wayar."

"Wanda za ki aura ne. Wa zai yarda da aikinki?"

"Ni in ɗauka, kai ka duba. Kada ka ɗauke idonka daga hannuna."

Ya turo mata wayar da bakin alƙalami.

Ta barbaɗa hoda, ta bi da buroshi a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli. Yatsun shugaban kamfani suka fito. Sai kuma wani siririn yatsa, mai ɗan tabo a tsakiya.

Na Rhissa babu ko ɗaya!

"Ka gani, ranka ya daɗe?"

"Na gani. Ƙila ya riƙe da bakin rawani, ko yana da abokin aiki. Ga shaidar mai gadi." Ya buɗe takarda. "Da kunnena na ji. Ya ce: na gan shi, ya shiga biro, ya fito, ya buɗe motar Rhissa. Na rubuta namiji ɗaya. Wane namiji ne zai buɗe motar Rhissa in ba Rhissa ba?"

Ranar Talata aka jera maza goma sha huɗu na kamfanin, har da kuku. Tata ta danna yatsu ɗari da arba'in. Ba wanda ya yi daidai da mai tabon.

A gida kuma wata wutar ce. Ni dai ina tankaɗe a gindin katanga, ba saurare nake ba, kunne ne ba ya da murfi.

"Mun mayar musu da kayan aurensu, shi ke nan!" Inna Mero ke faɗa. "Da ma aikin nan naki na shafa wa ƙarti tawada ya ishe ni abin kunya, yanzu kuma surukin ɗan tawaye? So kike a zo a kwashe ƙannenki?"

"Inna, bai yi ba..."

"Ke kika haife shi?"

Sai ga sallamar Lalla, sakatariyar kamfanin, ta sha ado da sunan jaje. Kowa a unguwa ya san shekara biyu tana aika wa Rhissa tukuɗi da kilishi, shi kuma yana raba wa ƴan tasha.

"Ayya ƙawata, sai haƙuri," ta ce, tana gyara mayafi. "Allah ya so ki, tun kafin a ɗaura."



Ranar Laraba da safe Tata ta tafi wurin mai gadi, Baba Illi. Tsoho ne makiyayi, fari ya cinye masa raƙuma, ya shigo gari ya kama gadi. Hausarsa a kasuwa ya tsince ta. Ta same shi ƙarƙashin itaciya yana hura gawayin shayi.

"Zauna, ɗiyata. Shayi ba sukari. Matata ya tafi kasuwa, shi ya ɓoye sukari, ya ce ina sha da yawa."

Tata ta kai kofi baki.

Ta tsaya.

"Baba... wa ka ce ya tafi kasuwa?"

"Matata."

"Ya tafi?"

"Ya tafi mana. Ya ce zai dawo kafin azahar."

Tun tana ƙarama take jin tsofaffin Abzinawan Ayar na magana haka, mace da namiji duk "ya" ne, har kunnenta ya daina lura. Shi kuwa Komiser, a garinsu ko yaron goye ba ya wannan haɗin.



"Baba, wanda ka gani ranar Litinin... namiji ne ko mace?"

"Mace mana! Ya sa mayafi. Ta baya na gan shi, ina alwala."

"Innalillahi! Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ni na faɗa duka. Komiser bai ce mace ko namiji ba. Ya rubuta, ya ce tafi."

Ta kamo hannun tsohon sai komisariya, ko takalmi bai gama sawa ba.

Komiser ya saurare shi sau biyu. Ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar.

"Baba, ɗiyarka ta fari, me take yi?"

"Ya yi aure a Iferwan. Ya haihu biyu."

Komiser ya dafe goshi. "Mata nawa ne a kamfanin?"

"Uku," in ji Tata.

Mai shara ta danna. Mai dafa shayin biro ta danna, tana dariya. Da aka zo kan Lalla sai ta ɓoye hannu cikin mayafi.

"Ni na yi lalle, zai ɓaci."

"Lalle ba ya hana zane fita, ƙawata. Kawo."

Komiser da kansa ya riƙe gilashin. Ga tabon nan a tsakiya, inda wuƙa ta taɓa yankarta.

Lalla ta zube ƙasa.

"Wallahi ban san soja za su shigo ciki ba! So nake a kore shi daga aiki, iyayenki su fasa... shi ke nan! Ni ce na fara ganinsa, Tata!"

"Da Agadas aka kai shi, ko ke ko ni ba mai sake ganinsa."

Abin da Tata ta ce ke nan. Ko zagi ɗaya ba ta yi ba, ni kuwa da na so in ji.

Sai da aka kwana kafin takarda ta samu sa hannu. Alhamis da hantsi aka buɗe kaso, Rhissa ya fito yana kare ido daga rana, rawani a wuya, ya rame kamar wanda ya yi wata yana jinya.

Inna Mero tana bakin ƙofa da kwanon fura. E, ita! Wai ita tun farko jikinta ya ba ta yaron nan ba zai yi sata ba. Na kalle ta, ta kalle ni, ta kau da kai.

"Sha, ɗana, sha. Ke kuma matsa, ba a ɗaura ba tukuna!"

Daidai nan motocin soja suka biyo titi, guda shida, suka miƙi hanyar Agadas. Rhissa ya sauke kwanon, ya bi ta ƙarshe da ido. Akwai mutane zaune a bayanta, kawunansu a sunkuye.

"Da yanzu ina cikinsu," ya ce a hankali.

"Amma ba ka ciki."

"Tata..."

"Na'am, abin ƙaunata."



Ya zauna a dakalin komisariya, ƙaton namiji, ya rufe fuska da rawani yana kuka. Ta tsuguna gabansa, ta bar shi ya yi har ya gama.

An ɗaura auren ranar da aka sa tun farko, ba a ɗaga ko da kwana ɗaya ba.